Yadda Za Ka Sami Ruwan Iyo, Hanyar Keke da Abokan Gudu a Gadarif

Ka dawo gida bayan shekara tara a ƙasar waje. Ka dawo da digiri, da keke mara nauyi a cikin kwali, da wata larura da ake kira tirayatalon: mutum ya faɗa ruwa ya yi iyo har ya gaji, ya fito ya hau keke har ya gaji, ya sauka ya kama gudu, alhali ba wanda ya biyo shi. Yanzu ga ka a Gadarif, kana tambayar ina za ka yi atisaye, kuma da su wa.

Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan bakwai, cikin kwana arba'in za ka sami ruwa, ka sami hanya, ka sami jama'a. Na ba ka tabbaci. Za ka samu ko kana so ko ba ka so.

An gwada hanyar a kan mutum ɗaya, Maliki, injiniyan noma da ya yi karatu a Malesiya. Na san shi sosai. Duk abin da ya yi, kai ma yi.

Mataki na 1. Kafa sharaɗi, ka rantse a gaban shaida

Kada ka fara nema kafin ka san dalilin nemanka. Maliki ya san nasa. Goggonsa Shatu, yayar mahaifinsa, wadda ta raine shi tun rasuwar uwarsa, ita ta aika masa ya dawo. Idonta ya fara rauni, gonar riɗinsu ta Mafaza kuma ba ɗan gida da ke tsaye a kanta. Ya dawo. Amma a wayarsa akwai saƙon wani kamfani a Penang, can Malesiya: sun ba shi aiki, suna jiran amsa cikin kwana arba'in. So yake ya koma. Ya kasa kallon tsohuwar ya faɗa.

Mu 'yan dawowa ba ma cewa "ba na son zama." Cewa muke "babu kayan aiki."

Ya same ta a tsakar gida tana yanka kuɓewar shanya.

"Goggo, ba zaman ne ba na so ba. Jikina ne ya saba da abu uku. In babu su, ciwo nake."

"Faɗi ukun."

"Ruwan da zan yi iyo. Hanyar da zan tuƙa keke. Da jama'ar da za su yi gudu tare da ni."

"In ka samu, ka zauna?"

"Wallahi in na samu, na zauna."

Ya rantse da zuciya sakayau. A garin da ake sayen ruwan sha a ganga a bayan jaki, wa zai ba shi na iyo?

Goggo ba ta ɗago ba. Ta ɗaga murya ta saman danga. "Zakari! Ka ji?"

Zakari maƙwabcinsu ne, mai gyaran keke da raksha, wato babur mai ƙafa uku na haya. Daga can ya amsa: "Na ji, Goggo. Har da wallahin."

Lura: tsohuwar da idonta ya yi rauni, kunnenta da lissafinta suna nan garau. Ba a koyar da wannan a jami'a.

Mataki na 2. Nemi ƙungiya a waya

Haka masu ilimi suke farawa. Rubuta sunan wasan da sunan garin, ka danna. Wayar za ta yi tunani, ta nuna maka ƙungiya mafi kusa. Ta Maliki sai an haye teku.

Kada ka karaya, buɗe taka. Maliki ya buɗe zaure a Wasaf, ya sa masa suna da hoton mutum yana fitowa daga ruwa. Kuskurensa ɗaya: ya ba Zakari ikon ƙara mutane. Kwana uku, mutum ɗari da arba'in. Ana gaisuwar Juma'a, ana sanar da rasuwa da suna, wani yana neman tayar tarakta, wani yana tambayar ko an yi ruwa a Basunda.

Maliki ya rubuta: "Gobe bayan Asuba, gudun kilomita biyar. Wa zai zo?"

Amsa goma sha ɗaya ya samu. Tara sun ce Allah ya ba da lafiya. Ɗaya ya ce Allah ya sawwaƙe. Na ƙarshe ya tambaya ko yana da tayar.

Ya karanta wa Goggo duka, a matsayin hujja. Ta ce ta ji, saura kwana talatin da huɗu.

Mataki na 3. Sa kayan wasan, ka rufe su

Kayan tirayatalon riga ce da wando a haɗe, masu kama jiki kamar fatar tsiren alade, ko da yake kada ka yi wannan kwatancen a nan. A can kowa haka yake sawa. A nan, Maliki bai kai bakin titi ba Safaa mai shayi ta ajiye butarta.

"Ya bashmuhandis, babban injiniya, a ina suka tare ka? Har rigar suka ɗauke?"

Ya koma gida ya ɗora wandon sirwal da 'yar shara a kai. Kai ma haka za ka yi. Kayan da aka ƙera don su rage jan iska za su yi aikinsu a ɓoye, su da Allah.

Mataki na 4. Fita da keken

Ƙasar Gadarif baƙa ce. Da rani takan tsage, tsagar ta haɗiye siririyar tayarka har gindi. Da damina takan zama tuwo, ta manne wa taya har keken da ake ɗagawa da yatsa biyu ya koma nauyin ɗan maraƙi. Maliki a ƙarshen damina ya fara. Saboda haka kwalta: babban titin da manyan motoci ke bi da buhunan dawa.

Za ka ɗauka motocin ne matsalar. A'a. Direbobin ne, kuma ba mugunta ba. A ganinsu, injiniya a kan keke, a rana, nesa da gari, mutum ne da wani abu ya sama.

Kilomita ta shida wata babbar mota ta wuce shi, ta tsaya. Direban ya leƙo.

"Itfaddal, ya zol. Bismillah, bawan Allah. Hau."

"Na gode. Wasa nake yi."

Direban ya dubi rana, ya dubi zufar, ya dubi hular da ke kansa mai kama da rabin kankana. "Wasa. To. Hau ka yi shi a inuwa."

"Wallahi lafiyata lau."

"In ba ka hau ba, na saki matata."

Ka san wannan rantsuwar. Da ita ake tilasta wa baƙo ya ƙara tuwo. Ba a gardama da ita. Ba za ka kashe auren bawan Allah a bakin titi don ka ƙona kitse ba. Maliki ya hau, keken ya hau kan buhuna. Aka sauke shi inda direban ya ga ya dace, bayan an ciyar da shi ful, wato dafaffen wake, da albasa. A hanyar dawowa ya ceci aure biyu.

Da yamma Zakari ya kama hannunsa, ya duba agogon nan mai ƙirga tafiya, ya sanar ta saman danga. "Kilomita sittin, Goggo!"

"Goggo, sha ɗaya kawai na tuƙa. Sauran a mota ne."

"Hanyar tana nan ko ta gudu?"

"Tana nan."

"Ɗaya," in ji Goggo.

Mataki na 5. Nemi ruwa

Za a nuna maka hafir, babban ramin da ake tara ruwan sama, mutane su ɗiba, shanu su sha. Daga nesa ya yi kama da tafkin da ka bari a can. Kada ka cire ko takalmi. Maliki ya isa bakinsa da tabarau na iyo a goshi, mai gadi ya taso da sanda.

"Bashmuhandis, a Malesiya in mutum ya ji zafi, randar gidanku yake shiga?"

Bar hafir. Tafi Mafaza, inda kogin Rahad ke gudu a wannan lokaci, ja kamar shayi da madara. A can akwai Abdelrahman, mai kula musu da gona, mutum mai faɗin ƙirji da ƙarancin magana. Goggo ta riga ta kira shi ta ce ga amana nan tafe. Wannan kalmar ita ta lalata komai.

Mutanen kogi da kai a sama suke iyo, suna kallon gaɓa, suna hira. Kai an koya maka ka tusa fuska a ruwa, ka riƙa wurga hannu. A Mafaza, wannan siffar mutum ɗaya ce: wanda ruwa ke ci.

Maliki bai yi wurgi goma ba ya ji an cafke shi ta ƙeya. Aka ja shi gaɓa, aka kifa shi, aka danna masa baya.

"Iyo nake yi, Abdelrahman!"

"Haka duk suke cewa."

Ya yi bayani, ya zana a ƙasa, ya koma. Aka sake ceto shi. A karo na uku masu wanki sun taru, wata tsohuwa tana salati. Abdelrahman ya tafi ya dawo da igiyar jaki.

"Ko wannan, ko ka koma Gadarif a bushe. Ba ni zan gaya wa Shatu ba."

Aka ɗaura masa a ƙugu. Abdelrahman ya zauna a gaɓa, ya naɗe bakin igiyar a hannu, ya ɗora jabana, butar kofinsa, a garwashi. Maliki ya yi minti arba'in yana faɗa da kogin, bai matsa ko taku ɗaya daga inda yake ba. Tunda ya fara iyo bai taɓa yin atisaye mai kyan wannan ba. Ya ƙudura ba zai gaya wa kowa ba.

Kafin ya iso gida labarin ya riga shi.

"Biyu," in ji Goggo. "Ka je asibiti su ba ka maganin tsargiya."

Mataki na 6. Yi gudu inda ba kowa

An ci kwana talatin da bakwai, saura uku. Maliki bai damu ba. An ci shi biyu, amma na ukun ba ya ciwuwa. Ya gwada gudu a cikin gari: raksha ta bi shi a hankali tana jiran ya gaji, Safaa ta tare shi da kofi, dattawa suka tsayar da shi gaisuwa tun daga lafiyar Goggo har zuwa ta mutanen Malesiya. Ba wanda ya ɗaga ƙafa. A nan babba ba ya gudu sai da dalili.

Abin da ya manta a shekara tara shi ne dalilin.

Hillarsu, wato unguwarsu, a gefen gari take. Kakanni makiyaya ne, kuma har yau kowane gida da 'yar saniyarsa ko awaki a shinge. In aka kore wa wani dabba, akwai abin da ake kira faza'a. Mace ta yi kururuwa, duk namijin da ya ji ya ɗauki abin da ke kusa da hannunsa ya bi sawu. Ba a tsayawa tambaya. Na gaba ya sani, kai bi shi. Wanda ya zauna, za a tuna masa har a auren jikarsa.

Don ya huta da masu raksha, ran nan Maliki ya zaɓi hanyar bayan shingayen shanu, wadda ta miƙe cikin gonaki. An idar da Asuba, gari ya fara haske. Ya toshe kunnuwa da kiɗa. Ya fito a guje daga tsakanin shinge biyu, ya wuce Raniya tana tatsar saniyarta.

"Lafiya, ɗan Shatu?"

Bai ji ba. Ya ga bakinta ya motsa, ya ɗauka tambayar inda za shi take. Ya miƙa hannu ya nuna gabas, bai rage gudu ba.

Raniya ta ajiye ƙwarya, ta ɗora hannu a ka, ta tsala kururuwa.

A kilomita ta biyu ya waiwaya. Mutane. Maza a guje, jallabiya a ɗage, wasu da takalmin fata, wasu ƙafa ba komai, sanduna a sama, wani da gatari, wani carbinsa bai ma ajiye ba. Zakari a gaba da sifana.

A nan zan faɗi gaskiya a kan Maliki. Bai tambayi kansa me ya kawo gatari wurin atisaye ba. Shekara tara yana gudu da mutanen da ba su san sunan ubansa ba. Yau ga 'yan hillarsu a bayansa, ƙurar ƙafarsu na tashi. Ya manta Penang, ya manta cewa ba ya son ya samu. Ya ɗaga musu hannu, ya ƙara wuta.

"Ya ga sawu!" wani ya yi ihu. Suka ƙara su ma.

Tsarin ranar shi ne minti uku da ƙarfi, minti biyu a hankali. Duk sanda ya sassauta, sai su bazu cikin dawa suna duba ƙasa. Duk sanda ya zabura, sai su dawo layi suna kabbara. Bai taɓa ganin ƙungiya mai ɗa'a irin wannan ba.

A kilomita ta takwas akwai bishiyar aduwa. Ya tsaya, ya danna agogo, ya zare abin kunne, ya juyo yana murmushi.

"Madalla, jama'a! Gobe ma haka?"

Zakari ya dafa gwiwa, numfashi na fita da ƙyar. "Ina suka bi?"

"Su wa?"

"Ɓarayin, Maliki."

Aka sauke sanduna. Ana jin kukan kurciya. Can sai ga Baba Husaini, dattijon hilla, ya iso a kan jakinsa, da tsohuwar takobi a cinya. Ya dubi mutane ɗaya bayan ɗaya.

"Saniyar wa?"

Ba ta kowa ba.

Mataki na 7. Karɓi hukunci

Da hantsi aka zauna a rumfar Baba Husaini. Ladan ya gurɗe ƙafa. Mutum biyu sun yi amai a gonar wani. Wanda ya zo da gatari ya ƙi ajiye shi. Zauna a ƙasa, ka sunkuyar da kai, kada ka ambaci amfanin gudu ga zuciya. Maliki ya ambata. Ba a karɓa ba.

"Ɗana," in ji Baba Husaini, "ba gajiyar ce ta dame ni ba. Ran da aka kore shanu da gaske, mutum zai ji kururuwa ya ce ɗan Shatu ne, ya ci gaba da shan shayinsa. Wannan ka taɓa."

Maliki ya ce ya tuba. A wannan karon ba dabara a ciki.

Hukunci biyu aka yanke. Zai yanka rago wa waɗanda suka fita. Kuma daga yau ba zai ƙara gudu shi kaɗai ba: kullum namiji ɗaya daga hilla zai raka shi, bi da bi, da ƙafa ko a jaki ko a babur, don duk wanda ya gani ya san lafiya ce.

Mata ba sa zama a rumfar. Amma danga ba ta tare murya.

"Husaini! Mutum nawa suka bi shi?"

"Talatin da huɗu, Shatu. Ban da masu jakai."

"Da ƙafa?"

"Da ƙafa."

"Zakari, me ya ce ranar da ya rantse?"

Zakari yana kwance a tabarma, ƙafafu a jingine da ginshiƙi. Bai buɗe ido ba. "Jama'ar da za su yi gudu tare da shi."

Maliki ya juya wajen dangar. "Goggo, ɓarawo suka fito kamawa!"

"Ka ce su yi gudu tare da kai. Ba ka ce su ji daɗi ba. Uku."

Yana da amsoshi. Ya yi karatun da ake koyar da mutum bambanta manufa da sakamako. Amma mutum talatin da huɗu suna kallonsa, kowanne da ciwon cinya, kuma shi kaɗai ya san abin da ya ji a ƙirjinsa lokacin da ya waiwaya. Ya miƙa wuya.

Bayan Azahar ya rubuta wa Penang layi biyu. Goggo ta ce ya karanta mata kafin ya tura.

"Da Turanci ne, Goggo."

"Karanta. Na san muryarka in kana ƙarya, da kowane yare."

Ya karanta. Ta saurara har ƙarshe, kai a karkace. Ta ce ya tura. Ya tura. Ta ce ya je ya yi wanka, riɗi saura kwana goma a fara yanka, kuma Abdelrahman ba shi da isassun hannaye.

Sanarwa

Marubucin nan ya yi alkawarin ruwa, hanya da jama'a, kuma ya cika. Bai ce za ka ƙara sauri ba. Bai ce za ka sake shiga gasa ba. Ba ruwansa da tsargiya, da auren direbobi, da ragon da za a ci a kanka, da aikin da za ka rasa a ƙasar da ake iyo ba igiya. In ka rantse a gaban goggonka alhali maƙwabci na bayan danga, kai ka jawo wa kanka.

Masu cewa ni ne Maliki su kawo shaida. Ba ni da lokacin amsa ƙorafi. Gobe Alhamis ce, ranar Baba Husaini, kuma jakinsa ba ya yarda a wuce shi.